Kunnen yaro ya riga idonsa shiga aji

 Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, bari in tafi kai tsaye.

Duk sanda na ce a fara koya wa yaro karatu da harshen da ya tashi da shi, amsar wasu sufetocinmu ɗaya ce: ƙwaƙwalwar yaro ɗanya ce, gara a ɗura masa Faransanci tun da wuri. Sun ji binciken, amma rabi suka ji. A 2003 Patricia Kuhl ta Jami'ar Washington ta sa masu jin Sinanci suka yi zama 12 da jariran Amurka 'yan wata 9, suna musu wasa da hira, jariran kuwa suka kama sautukan Sinanci. Waɗanda aka kunna wa darasin a talabijin ba su tsinci komai ba. Sai da mutum a gaban yaro, yana kallonsa, yana amsa masa. To ku leƙa ajin CI, ajin farko na firamarenmu: yara makil, malami yana faɗa daga gaban allo, su suna maimaitawa da ƙarfi. Wannan ya fi kusa da talabijin ɗin.

Karatu kuma ba a haihuwar ƙwaƙwalwa da shi. Aikinta shi ne ta ɗaura abin da ido ya gani a kan sautin da kunne ya riga ya sani. Yarinyar da ta haɗa "ru" da "wa" ta ji "ruwa", nan take fuskarta za ta washe, don ta san abin. A Faransanci za a nuna mata harufa uku, e, a, u, a ce ta furta "o", kalmar da ba ta taɓa ji a gidansu ba.

Ga hujjar da ba na gajiya da ita. A 2014 gwajin PASEC ya auna ɗaliban ƙasashe 10 masu amfani da Faransanci. A aji na biyu, kusan yara 8 cikin 10 na Burundi sun kai matakin da ake nema a harshe. A Nijar kusan 1 cikin 10 ne. A ƙarshen firamare namu da suka iya karatu yadda ya kamata ba su kai 10 cikin 100 ba. Kada wani ya ce mini talauci ne. Burundi ba ta fi mu arziki ba, ajujuwanta ma cunkushe suke. Da Kirundi yaranta ke fara karatu, harshen da suke faɗa da wasa da shi, Faransanci ya biyo baya. Mu kuwa tun 1973 muka buɗe makarantar gwaji ta Hausa a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunanmu a aji, amma har yau ana kiran abin gwaji. Yaran da aka fara da su sun yi jikoki.

Za a ce ai Burundi harshe ɗaya gare ta, garinmu Gaya kuwa ga Dendi, ga Zabarmanci, ga Hausa, ga Fulatanci. Na ji. Amma yaron da ake aika kasuwa a garin nan da ke kallon Malanbil, Kamba na gefensa, harshe biyu gare shi tun bai shiga lakwal ba, kuma Dendi da Zabarmanci 'yan ɗaki ɗaya ne. Ba kuma cewa nake a ƙaƙaba wa ɗan Dendi Hausa ba don an ɗaga ta harshen ƙasa a 2025. Yin haka maimaita kuskuren ne da sabon suna.

Abin da nake nema tun da daɗewa bai canza ba. Shekaru uku na farko a yi karatu da lissafi da harshen da ya rinjaya a unguwar makarantar, Faransanci ya shigo da baki kullum kafin a kai ga rubuta shi. Makarantar horon malamai ta Doso ta daina turo mana wanda ba ya jin harshen ajinsa. A kuma buga littattafan karatu na Dendi, ko da siraran ne, kowane yaro ya tafi gida da nasa.