Daga Dikoda zuwa Intanet: Sauyin Kallon Talabijin a Gidajen Arewacin Nijeriya

Gabatarwa

Kallon talabijin na biyan kuɗi ya shigo gidajen Nijeriya ne ta hanyar tauraron ɗan Adam da dikoda. Kamfanin MultiChoice na Afirka ta Kudu ya ƙaddamar da DStv a 1995, sannan ya biyo da GOtv mai sauƙin kuɗi a 2011, shekara guda bayan StarTimes na ƙasar Sin ya fara aiki a Nijeriya tare da haɗin gwiwar NTA. A yau gidaje da yawa suna rage dogaro da waɗannan dikododi, suna komawa kallo ta intanet. Wannan takarda za ta duba dalilan sauyin, da kayan da yake buƙata, da kuɗin da yake ci, da tasirinsa ga masana'antar fim da tarbiyyar iyali.

Bambancin hanyoyin biyu

A tsarin dikoda, tasha ce ke tsara abin da za a nuna da lokacin nuna shi. Mai gida yana biyan kuɗin wata na tarin tashoshi, ko ya kalla ko bai kalla ba, ko da wuta ko babu. A tsarin intanet kuwa, shirin yana ajiye ne a rumbun kamfani, mai kallo ya zaɓi abin da yake so, ya tsayar, ya ci gaba lokacin da ya ga dama. Netflix ya fara wannan hidima a Amurka a 2007, ya buɗe ta ga Nijeriya a Janairun 2016. Sai dai a Arewa, YouTube ya fi Netflix jan jama'a, domin ba ya neman kuɗin wata, data kawai yake ci.

Dalilan sauyin

Dalili na farko shi ne tsadar rayuwa. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 da faɗuwar darajar naira, MultiChoice ya ƙara kuɗin wata a 2023 da 2024 da kuma 2025. Magidanci da ke fama da cefane da kuɗin makaranta, kuɗin dikoda ne abu na farko da yake yankewa.

Na biyu shi ne wutar lantarki. Dikoda da talabijin ba sa aiki sai da wuta ko janareta ko sola, alhali wayar hannu da aka yi wa caji sau ɗaya za ta nuna fim na awanni.

Na uku, abin kallon da kansa ya yi ƙaura. Kannywood ta daɗe tana dogaro da kaset da faifan CD, waɗanda Kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ta zama cibiyarsu. Satar fasaha da shagunan tura fina-finai a waya suka durƙusar da wannan kasuwa. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta saba wa mutane da shirye-shirye masu dogon zango irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in. Furodusoshi suka ɗauki wannan salo suka kai shi YouTube, inda Izzar So da Labarina suka tara masu kallo har a Nijar da Gana da Sudan da Saudiyya.

Kayan da ake buƙata

Gidan da zai koma intanet yana buƙatar abubuwa uku: hanyar samun sabis, da na'urar kallo, da manhaja. Sabis yana zuwa ta layin waya na MTN ko Airtel ko Glo, ko ta rauta da ke raba intanet a cikin gida, ko ta Starlink da ya fara aiki a Nijeriya a 2023. Na'urar kallo tana iya zama talabijin ta zamani mai haɗuwa da intanet. Wanda talabijin ɗinsa tsohuwa ce, muddin tana da kafar HDMI, zai iya jona mata ƙaramar na'ura kamar Fire TV Stick ko Chromecast ko akwatin Android. Netflix yana ba da shawarar gudun intanet na megabit 5 a daƙiƙa domin hoto mai kyau, da megabit 15 domin hoton 4K.

Lissafin kuɗi

Nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa. Barin dikoda ba ya kashe kuɗin kallo, sai dai ya sauya masa aljihu. Bisa ƙiyasin Netflix, awa ɗaya ta kallo tana cin kusan gigabait 1 a matsakaicin hoto, kuma tana iya kaiwa gigabait 3 a hoto mai kyau. Gidan da ke kallon awa 3 kullum zai ci kusan gigabait 90 a wata a matsakaicin hoto, ko 270 a hoto mai kyau. Haka kuma, a Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Dikoda ɗaya tana ɗaukar gida duka da kuɗi sananne, data kuwa kowace waya da nata cin. Rage ingancin hoto da sauke shiri a lokacin garaɓasar dare suna sassauta wannan nauyi.

Akwai kuma abin da intanet bai ƙwace ba tukuna. Wasannin Firimiyar Ingila kai tsaye sun daɗe a hannun tashar SuperSport ta DStv, kuma da dikoda gidajen kallon ƙwallo suke aiki. A karkara, inda sabis ke da rauni, farantin tauraron ɗan Adam mai tashoshin kyauta ya fi amfani.

Tarbiyya da sa ido

Talabijin ta falo ko ta tsakar gida kowa yana ganin abin da ake nunawa, babba na iya karɓar rimot ya sauya tasha. Waya kuwa kallon mutum ɗaya ce, a ɗaki, da dare. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, da aka kafa a 2001, tana da iko kan abin da aka shirya a jihar, amma hannunta ba ya kaiwa ga abin da aka ɗora daga wata ƙasa. Saboda haka aikin tacewa ya dawo kan iyaye. Manhajojin suna da matakan kariya, kamar YouTube Kids da sashen yara na Netflix da lambar sirri, kuma saita su ba ya ɗaukar lokaci.

Kammalawa

Abin da ya fi dacewa da yawancin gidajen Arewa a yanzu shi ne haɗa hanyoyin biyu: tashoshin kyauta ko ƙaramin tsarin dikoda domin labarai da ƙwallo, intanet kuma domin fina-finai da karatuttukan malamai da darussan yara. Ya kamata magidanci ya lissafa awannin kallon gidansa da ƙarfin sabis a unguwarsu kafin ya ajiye dikoda. Hukumomi kuma su matsa wajen faɗaɗa intanet zuwa karkara da tabbatar da farashin data mai adalci, masu shirya fim su gina manhajojin Hausa da za su riƙa biyan su haƙƙin aikinsu, iyaye su koyi saita kariyar yara kafin su miƙa musu waya.