HAƘƘIN HANYA: TUƘIN GANGANCI DA JININ DA KE ZUBA A ƘOFAR GIDAJENMU

  

Ya 'yan uwa jama'ar Ikara, Maƙarfi da Kudan, duk wanda ya zauna a majalisunmu bayan sallar La'asar ya san inda hira take karkata. Wane ne zai fito takarar gwamna, wace shiyya aka danne wajen rabon muƙamai, wane ne ya sauya sheƙa. Sai a yi ta musu har Magariba ta raba. Amma babban titin da ya taso daga Zariya ya ratsa Hunƙuyi da Tashar Yari, ya wuce Kwanar Ɗangora zuwa Kano, wanda yake mayar da matanmu zawarawa, 'ya'yanmu marayu, ba ya samun ko kashi ɗaya cikin goma na wannan lokaci. Ana tuna shi ne kawai ranar jana'iza. A kan wannan za mu tunatar da kawunanmu yau.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 suke rasa rayukansu a kan hanyoyi kowace shekara. Namu rabon a cikin wannan lissafi muna ganinsa da idonmu. A ƙarshen 2017 Gwamnatin Tarayya ta bayar da kwangilar sake gina titin Abuja zuwa Kano, kuma ɓangaren da ya bi ta ƙasarmu ya samu gyara. Wannan ni'ima ce. Sai dai a da ramuka suke tilasta wa direba taka birki. Da titi ya yi sumul, sai ya zamana babu mai tsayar da shi in ba tsoron Allah ba. Ga mai bas ya danƙara lodi yana tsere da abokinsa don ya riga shi fasinja. Ga mai tirela ya kwana biyu bai runtsa ba, yana korar barci da ƙwaya. Ga ɗan acaba ya ɗauko mutum uku ya bi hannun da ba nasa ba saboda ƙyuyar zagayawa. A gefe kuma ga manomi da kwandunan tumatir, ga mai amalanken rake zai tsallaka kasuwa, ga yara za su makarantar allo.

Mu yi lissafi mai sauƙi. Tafiyar kilomita 100 a gudun 100 awa ɗaya ce. A gudun 140 minti 43 ce. Ribar duka minti 17. Amma nisan da motar za ta yi bayan an taka birki kafin ta tsaya ya kusa ninkawa biyu. Wato saboda minti 17, waɗanda za su ƙare a wajen mai shayi, mutum ya sanya rayuka goma sha takwas a caca. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

Da zarar abu ya faru sai ka ji an ce: "Ƙaddara ce." Na'am, mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da mai ɗaci. Amma ƙaddara ba ta zama hujja ga mai sakaci. Lokacin da Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, ya nufi Sham ya ji labarin annoba, juyawa ya yi da jama'arsa, kuma ya bayyana wa wanda ya yi masa magana cewa kaucewar ita ma tana cikin ƙaddarar Allah. Duba taya kafin tafiya, gyara birki, yin barci idan an gaji, duk riƙo da sababi ne, kuma tawakkali ba ya inganta sai da shi.

Malamai ba su yi shiru a kan wannan mas'ala ba. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na takwas a ƙasar Burunai cikin Muharram 1414, daidai da Yuni 1993, ta zartar cewa bin dokokin hanya da ba su saɓa wa Shari'a ba wajibi ne, domin an kafa su ne don maslahar jama'a, kuma direba yana ɗaukar lamunin ɓarnar da ya jawo ta hanyar sakaci ko ƙetare iyaka. Saboda haka ƙa'idar gudu da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta gindaya, ba abin wasan ɓuya da ma'aikaci ba ne. Kiyaye ta addini ne, ko da babu mai kaki a hanya.

Hukuncin kisan kuskure kuma yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 92: diyya ga magada, da kaffara, wadda a zamaninmu ita ce azumin wata biyu a jere. A nan mutane da yawa suke ruɗuwa. Idan magada suka ce sun yafe, haƙƙinsu na diyya suka yafe. Kaffara haƙƙin Allah ce, tana nan a wuyan direban da ya yi sakaci, kuma a wajen mafi yawan malamai kowane rai da tasa kaffarar. Direba nawa ne a tashoshinmu suka san haka?

To, mene ne abin yi?

Na farko, mu fasinjoji. Shirunmu yana ƙarfafa mai ganganci, ballantana wanda yake zuga shi da cewa ya taka mota. Idan direba ya ƙi jin magana, a sauka a tasha ta gaba, a kai ƙararsa ga shugabannin ƙungiyarsu.

Na biyu, masu motoci. Wanda ya yanka wa direba balas ɗin da ba zai samu ba sai ya yi sawu uku a rana, yana da kaso a cikin abin da zai biyo baya. Haka uban da ya miƙa wa yaro ɗan shekara goma sha uku makullin babur.

Na uku, limamai da malaman Islamiyya. A sanya wannan babi cikin huɗuba da karatu, musamman gabanin Sallah da lokacin kakar rake da tumatir, sa'ad da hanya take cika.

Na huɗu, siyasar da muke ƙauna. Mu juyo da ita kan abin da zai amfane mu. Babban titi na Gwamnatin Tarayya ne, don haka 'yan majalisar wakilai na Maƙarfi da Kudan, da na Ikara da Kubau, da sanatan shiyyarmu, su za a tambaya batun gadar masu tafiya a ƙasa da alamomin hanya a garuruwan da titi ya raba biyu. Tsarin tasha da kasuwar da ta malalo kan kwalta kuwa aikin ƙaramar hukuma ne. A tambayi jiha motar ɗaukar marasa lafiya, domin mai rauni da yawa jini yake ƙarar da shi kafin a isa asibitin koyarwa na Shika. Kuma ɗan takarar da ayarinsa yake kora mutane cikin kwata ranar yaƙin neman zaɓe, ya riga ya nuna mana darajarmu a wajensa tun kafin ya hau kujera.

Muna roƙon Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a kan hanyoyinmu, ya ba masu jinya lafiya, ya shiryi direbobinmu da shugabanninmu, ya tsare mu daga ɗaukar jinin wani zuwa Lahira. Allah ne mafi sani.