Yadda maganin ciwo yake aiki a jiki

Jawabin wani ma'aikacin lafiya ga ɗaliban yaƙi da jahilci

Yau zancenmu a kan ƙwayoyin kashe ciwo ne.

In ƙaya ta soki ƙafa, jijiya ce take ɗaukar labari, kamar wayar tarho. Ta kai shi ga laka, cikin ƙashin baya, laka ta miƙa wa ƙwaƙwalwa. Sai labari ya isa can mutum yake jin zafi.

A wurin rauni, jiki yana yin wani sinadari mai suna furostagalandin. Shi ne yake tsokanar bakin jijiya, ya kawo kumburi da zogi. Asfirin da ibufurofen suna hana jiki yin sa. A shekarar 1971 wani masani na Ingila, John Vane, ya gano haka. Amma sinadarin nan shi ne kuma yake kare tumbi. Don haka kada a sha su da yunwa. Mai gyambon ciki ya bar su. Mace mai ciki ta tambayi likita tukuna. Kada a ba yaro asfirin.

Farasetamol shi yawancin aikinsa a ƙwaƙwalwa da laka yake. Yana rage ciwo, yana saukar da zafin jiki, ba ya cin tumbi. Sai dai in ya yi yawa yana lalata hanta, kuma ba a gane ɓarnar ran nan. Babban mutum kada ya wuce ƙwaya 8 masu miligaram 500 a kwana ɗaya, ya bar aƙalla awa 4 tsakanin sha da sha.

Sai taramol, wanda wasu samari suke sha don su jure noma. Dangin ofiyom ne. Yana toshe labarin ciwo a laka da ƙwaƙwalwa, mutum ya yi ta aiki bai san jiki ya gaji ba. Kwana kaɗan ƙwaƙwalwa ta saba, ɗaya ba ta isa, sai biyu, sai huɗu. Yana kawo farfaɗiya, yana iya tsai da numfashi. Ba na sayen tebur ba ne, sai da takardar likita.

Duk ƙwayoyin nan ba su kashe cutar da ta kawo ciwo. In yaro yana masassara, farasetamol zai sanyaya jikinsa, amma cutar cizon sauro tana nan cikin jini. Ku kai shi gidan likita ran nan a gwada jininsa.