Zuciyar jariri tana ginuwa tun ba a faɗi ciki ba

Ga jawabin da wata ungozomar likita ta yi ma ƴan makarantar yaƙi da jahilci, maza da mata, a Filinge.

Ta ce zuciya kamar gida ce mai ɗaki huɗu da ƙofa huɗu. Kowace ƙofa da marfinta. Marfi ya buɗe jini ya wuce, ya rufe don kada jinin ya komo baya. Cikin jarirai 100, kusan ɗaya ake haifa da aibi ga zuciya. Akwai wani iri da ba a cika gani ba, wanda wani lokotoro na Jamus mai suna Ebstein ya bayyana a 1866. Ƙofar da ke tsakanin ɗakuna biyu na dama ba ta zauna wurinta ba, ta yi ƙasa, kuma marfinta ba ya rufewa sosai. Sai jini ya riƙa komawa baya.

Yaushe wannan ke faruwa? Zuciyar ɗa tana fara bugawa wajen sati uku da shigar ciki. Kafin wata biyu ya cika an gama gininta. To, nan Kurfai wace mace ce ke faɗin ciki na wata biyu? Kunya ta hana, musamman ga cikin fari. Sai a wata na biyar ko na shida ake zuwa awo, bayan aiki ya riga ya wuce. Cikin kwanakin nan na ɓoyo ne mace ke jin ciwon kai ko kasala, ta aika yaro kasuwa ya sayo mata ƙwaya wurin mai talla, wanda shi kansa bai iya karanta sunanta ba.

Ta ce wasu magunguna suna taɓa zuciyar ɗa. Akwai litiyom da ake ba masu ciwon taɓin hankali, da wasu magungunan farfaɗiya. Mai shan su kada ta bari da kanta, don barin ma haɗari ne. Ta gaya ma lokotoro tun tana neman ciki.

Ciwon suga da ba a kula da shi ba yana ƙara haɗari ƙwarai. Haka giya da taba. Akwai kuma rubewol, ciwo mai kama da dussa amma mai sauƙi: ɗan zazzaɓi da ƙuraje na kwana uku. Ga uwa ba kome ba ne. Ga ɗan da ke ciki yana iya kawo kurumta, yanar ido da ƙuncin ƙofar zuciya. Wani lokotoron ido na Ostareliya, Gregg, ya gano haka a 1941. Mai sabon ciki ta nisanci yaro mai ƙuraje.

Auren zumunci ma yana ɗan ƙara haɗari. Ba a ce a bar shi ba, amma gidan da aka taɓa haifar yaro mai ciwon zuciya su faɗa wurin awo.

Nan ta juya ga maza da surukai. Ta ce sau da yawa ba a samun dalili ko ɗaya. Ba maita ba ce, ba iska ba ce, ba laifin uwa ba ne. Mijin da ya san matarsa ta yi ɓatan wata, shi ya kamata ya kai ta likita. A 2006 gwamnati ta yanke cewa awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne.

Jaririn da leɓensa da harshensa suka yi shuɗi, yana gajiya ga nono, gumi na keto masa ga goshi, yana numfashi da sauri, ba ya ƙara nauyi, kada a tsaya hayaƙi da rubutu. Daga Cikal, Tukunus ko Luma a kawo shi Filinge. In an ji ƙarar da ba daidai ba ga ƙirjinsa, a ba da takarda zuwa Yamai, wajen kilomita 180, inda ake duba zuciya da na'ura.