Jawabin Sakataren Ƙungiya Kan Neman Tallafin Gwamnati Ga Masu Ƙananan Sana'o'i

 

Maganar yau ita ce kuɗin tallafi da gwamnatin tarayya ke ba masu sana'a. Da yawa daga cikinmu in an buɗe irin wannan shiri sai su noƙe, suna cewa ai mu baƙi ne, ba za a ba mu ba. Jama'a, sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin zama a duk inda ya so a ƙasar nan, sashe na 42 kuma ya hana gwamnati nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa ko garin asalinsa. Saboda haka mai shago a Iware ya nema a matsayinsa na ɗan ƙasa.

A 2011 an yi shirin YouWiN, inda mutum 1,200 suka ci gasar tsarin kasuwanci a zagayen farko, wasu har naira miliyan 10. A 2020, bayan annobar korona, gwamnati ta ɗauki nauyin yi wa kasuwanci 250,000 rajista kyauta a hukumar CAC. A 2024 an raba naira 50,000 ga masu ƙananan sana'o'i ta hannun Bankin Masana'antu, kuma lambar NIN da BVN aka nema. Waɗannan duk sun wuce, amma darasinsu ɗaya ne: wanda takardunsa ke hannu shi ya samu.

Shi kuwa kuɗin bincike hanyarsa daban. Asusun bincike na hukumar TETFund malaman manyan makarantun gwamnati ne ke nema. To, ina rabonmu? Mai matsar man gyaɗa, da mai casar shinkafa, da mai harkar fata a kasuwar shanu, kowannensu yana da matsalar da malami ke neman ya yi bincike a kai. Jami'ar Jihar Taraba tana nan Jalingo tun 2008. Ku haɗu a ƙungiya ku kai matsalarku a rubuce, a sa sana'arku cikin aikin binciken.

Ga abin da kowane gida zai tanada tun yanzu. Na ɗaya, NIN da BVN, kuma sunan da ke kansu ya zama iri ɗaya, don harafi guda kan sa a ƙi mutum. Na biyu, rajistar CAC da ta hukumar SMEDAN, da adireshin inda sana'ar take. Na uku, asusun banki da sunan kasuwancin. Na huɗu, littafin ciniki na kullum, abin da ya shigo da abin da ya fita. Wanda bai iya rubutu ba ya zo ajin yaƙi da jahilci, a nan muke koyon wannan.

Sai gargaɗi. Ku tambaya tun farko, kyauta ce ko bashi, kada a sa hannu a kan abin da ba a karanta ba. Duk wanda ya ce ku ba shi kuɗi ya sa sunanku a jeri, ku guje shi. In kuma wani jami'i ya ƙi karɓar fom ɗinku don ba ku da takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, kada ku yi faɗa. Ku nemi ya nuna muku inda ka'idar shirin ta faɗi haka, ku rubuta ranar, ku kawo wa ƙungiya mu bi ta hanyar da ta dace.

 Allah ya sa albarka a sana'o'inmu.