Idan Matuƙi Ya Faɗi a Sama, Wa Zai Riƙe Jirgin?

(Jawabi ga wakilan ikkilisiyoyin ƙauyukan Kurfi da Dutsin-Ma)

 

Da muka ce yau maganarmu a kan ƙaramin jirgin sama take, wasu sun yi dariya, suka ce mu da babur ma sai aro. Gaskiya ne, amma ku ba mu aron kunnuwanku. Ƙananan jirage ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. Asibitin Galmi a Nijar, wanda mishan SIM ta buɗe a 1950, yana da filin saukar jirgi, kuma shekara da shekaru ƙananan jiragen mishan sun yi ta zirga-zirga tsakaninsa da Yamai. A Zariya ma akwai kwalejin koyon tuƙin jirgi tun 1964. Irin waɗannan jirage galibi matuƙi ɗaya ne a ciki. Ba likita, ba kuma gefen hanya da za a tsaya a sha iska. Shi ya sa masu wannan sana'a suka tsara abin yi idan ciwo ya taso a sama, tsarin da mu masu kai marasa lafiya asibiti muke bukata.

Ga abin da ya faru ranar 10 ga Mayu, 2022. Wani ƙaramin jirgi ƙirar Cessna Caravan ya taso daga tsibiran Bahamas zuwa jihar Florida a Amurka, matuƙi ɗaya da fasinja biyu. Suna kan teku sai matuƙin ya ce ba ya jin daidai, kafin a ankara ya suma. Jirgi ya sunkuyar da kai ya nufi ruwa. Ɗaya daga cikin fasinjojin, Darren Harrison, bai taɓa koyon tuƙin jirgi ba, ga shi ya bar matarsa a gida da ciki. Bai tsaya jijjiga matuƙin ba, bai kuma fara da neman rediyo ba. Sitiyarin ya kama, ya ja shi a hankali, don ya gane idan ya fizga da ƙarfi jirgin na iya lalacewa. Sai da jirgi ya daidaita sannan ya kira ƙasa, ya gaya musu matuƙinsa ya faɗi, shi kuma bai iya tuƙi ba, bai ma san inda yake ba.

Aka ce masa ya riƙe fikafikan daidai, ya bi bakin teku har a gano shi. Aka kira wani ma'aikacin kula da zirga-zirgar jirage mai suna Robert Morgan, wanda kuma malamin tuƙi ne. Shi ma bai taɓa tuƙa irin wannan jirgi ba, sai ya sa hoton wurin zaman matuƙi a gabansa yana faɗa wa Harrison abin yi ɗaya bayan ɗaya, har ya sauka lafiya a filin jirgin Palm Beach. Matuƙin kuwa, ashe babbar jijiyar jini da ke fita daga zuciyarsa ce ta tsage. Aka yi masa tiyata, ya rayu. Da an bar jirgin ana ta shafa masa ruwa, da ba wanda ya kai labari.

Abin da Harrison ya yi shi ne ake koya wa kowane matuƙi: fara riƙe jirgin, sannan ka zaɓi inda za ka sauka, daga baya ka yi magana. Ko fasinja ne ya kamu da ciwo, matuƙi ba ya sakin aikinsa ya juya baya. Wani ne zai kula da marar lafiyar, shi kuma ya nufi filin da ya fi kusa wanda akwai asibiti a garinsa, ya sanar tun yana sama don a tanadi mota.

To mu dawo gida. Sau nawa muka ga an ɗauko mai naƙuda, ana kuka a bayan mota, direba yana waiwaye yana taka totur, aka ƙare da marasa lafiya biyar maimakon ɗaya? Direba, idonka a kan hanya. Tun kafin a tashi a san wanda zai zauna da marar lafiya, da wanda zai riƙe waya. A kan babur kuwa, kada a ɗauki wanda ba ya iya zama sai da wani a bayansa yana riƙe da shi. A yanke shawara tun daga gida ko babban asibitin Dutsin-Ma za a nufa ko Katsina, a buga waya a ce muna tafe. Wanda ya suma amma yana numfashi, a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa ruwa. Mai farfaɗiya kada a cusa masa cokali a baki.

In kuma direban ne ya faɗi, wanda ke gaba ya kama sitiyari, ya ture ƙafar direban daga totur, ya sa giya a firi, ya ja birkin hannu kaɗan-kaɗan. Kada a zare makulli mota tana tafiya, sitiyarin zai iya kullewa. Iyayenmu mata, ku ma wannan naku ne, domin sau da yawa ku ake ba kujerar gaba.

Akwai kuma tambayoyin da matuƙi yake yi wa kansa kafin ya tashi: lafiyata lau? Na sha magani mai sa barci? Na yi barci, na ci abinci? A Amurka doka ta hana shi tuƙi sai ya yi awa 8 da shan giya. Mu kuwa mutum zai kwana a gona, ya haɗiye Piriton don mura, wani ma ya biya ta gidan burkutu, ya ce shi zai kai Baba asibiti. Idan direba ya ce kansa na sarawa, ko ƙirjinsa na ciwo, ko kuka ga bakinsa ya karkace, magana ta sarƙe, ku tsayar da shi ko da ransa zai ɓaci. Hawan jini ba ya sallama, mutum yana iya yawo da shi shekaru bai sani ba.

Kafin mu watse, kowace ikkilisiya ta rubuto mana sunayen direbobi biyu ko masu babur da za a iya tashinsu da dare, ba ɗaya ba, da lambobin wayarsu. Na'urar awon jini tana nan a tebur ta baya, da su za mu fara.