Kuɗin Hakiman Faransa na Dā da Yadda Ake Bayyana Su



Bayan da daular Sharlaman ta yi rauni a ƙarni na 10, sai ikon buga kuɗi a Faransa ya kuɓuce wa sarki, ya koma hannun hakimai da manyan limaman coci. Kowannensu yana buga ɗan ƙaramin kuɗin azurfa da ake kira diniye, wanda nauyinsa bai wuce kimanin giram ɗaya ba. Sai a 1263 Sarki Luwi na 9 ya hukunta cewa kuɗin sarki ya yi aiki ko'ina, na hakimi kuwa ya tsaya cikin ƙasarsa.

To, abin da ya fi ruɗa mai tara waɗannan kuɗi shi ne, sunan da ke bisansu ba lalle ba ne ya zama na wanda ya buga su. Jama'a sun fi amincewa da kuɗin da suka saba gani, saboda haka hakimai suka riƙa maimaita tsohon tambari. A ƙasar Fwatu an ci gaba da rubuta CARLVS REX, watau Sarki Sharl, har cikin ƙarni na 12, fiye da shekara 200 bayan rasuwar mai sunan. Maƙera suna kwaikwayon kwaikwayo, har haruffa suka gurɓace. Shi ya sa Poey d'Avant, cikin littattafansa uku na 1858 zuwa 1862, ya jera kuɗin lardi-lardi.

Mai bayani na gaskiya, kenan, tilas ya auna nauyi, ya kwafi rubutun yadda yake har da kurakuransa, sa'an nan ya faɗi inda aka tono kuɗin da waɗanda aka same shi tare da su. A 1963 an tono kuɗi fiye da 8,000 a Fekam ta Normandi, waɗanda aka binne wajen shekarar 980. Da yake an yi nazarinsu wuri guda, sai wanda aka san zamaninsa ya nuna zamanin wanda ba a sani ba.

Da an watsa su kasuwa ɗaiɗai tun ran farko, da azurfar na nan, amma shaidar ta tafi. Wannan ita ce amanar da ke wuyan duk mai tara kuɗin dā.